Jinin Ragon Inna

In mutane suka ji an ce wance ta ƙare ƙuruciyarta a binciken allurar rigakafi, sai su ɗauka aikin na farar riga ne da sanyin ofis. Ina! Rabin aikina a tsugune na yi shi, a tsakar gidanmu na Fagge, gwiwata cikin kashin tumaki, ina laluben jijiya a wuyan rago.

Ƙwayar cutar da na bi duk tsawon aikina ita ce mai kawo wa yara ciwon haƙarƙari, wadda in ta hau kai take zama sanƙarau. A jikin yaro ba ta da imani, kafin uwa ta farga ta kayar da shi. Amma fito da ita ka kai ɗakin gwaji, wallahi ban taɓa ganin mai tsirfa irinta ba. Ba ta tsirowa sai a kan wani abinci da muke dafa mata mu zuba a 'yan farantai masu murfi, ya daskare kamar kunun da ya kwana. Abincin ma sai an gauraya shi da jini, jinin kuma na tumaki, sabo, wanda babu ko ɗigon magani a cikinsa. In ka bar ta a faranti ɗaya ta daɗe, sai ta narkar da kanta ta mutu. Hanyar ajiye ta kawai ita ce a zuba a ƙananan kwalabe a sa a firiza mai tsananin sanyi.

Ƙwayar iri-iri ce, kowane iri da kalar ɓawon da ya lulluɓe shi. Abin da allurar rigakafi ke yi shi ne ta nuna wa jikin yaro ɓawon tun kafin cutar ta zo, don garkuwar jikinsa ta gane ta in sun haɗu. To allurar da ake kawo mana daga waje ba duk ire-iren ta ƙunsa ba, kuma tun ina sabuwar ma'aikaciya na lura akwai waɗanda ke kwantar da yaranmu da babu su a ciki. Na faɗa a taro, na rubuta, na yi ta hayaniya. Amsar kullum ɗaya ce: kawo mu gani. Ba wanda zai haɗa rigakafin abin da bai riƙe a hannunsa ba. Shi ya sa na shiga tara su. Duk yaron da aka kawo asibiti aka ɗebi jininsa ko ruwan bayansa, in ƙwayar ta tsiro sai in raine ta in ajiye. Fiye da shekara ashirin ina wannan. Kowace kwalba daga jikin yaro guda ta fito, kuma da yawansu iyayensu a kafaɗa suka mayar da su gida. Wannan firizar ita ce duk abin da na mallaka a aikin gwamnati.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai abokiyar aikina da kowa ke kira Madam, Kirista ce, iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibiya. Hausarta ta fi tawa daɗi, musamman in za ta yi wa mutum ba'a. Ni ce mai faɗa, wannan kowa ya sani. Na yi da ɗalibai, na yi da masu shara, na yi da shugabannin da suke sa hannu a takardar sayen labule su bar ta gyaran janareta. In na gama zazzaga sai Madam ta ɗago kai daga kan madubin gwaji ta ce, "Hajiya, kin gama? To zo ki ga wannan." Haka muka zauna lafiya.

Da farko wurin aikinmu na da garken tumakinsa. Yau a ce ɗaya ta ɓata, gobe a ce ɗaya ta ci leda, har garken ya koma wurin ajiye tsofaffin kujeru. Da na gaji da rubuta ƙorafi sai na je kara, kasuwar dabbobi, na sayi ɗan rago fari mai baƙin kunne, na ɗora a a-daidaita-sahu na kai wa Inna, mahaifiyata.

Inna mutuniyar Barno ce, aure ya kawo ta Kano lokacin da Baba ke aiki a tashar jirgin ƙasa, kuma har ta tsufa harshenta bai saki garinsu ba. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce min, in tana ba wani labarina kuma ta ce "yarinyar nan", ko da na yi furfura. Bayan rasuwar Baba ta ƙi barin gidan. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ce ita ba za ta je unguwar da maƙwabci bai san tarin maƙwabcinsa ba.

Ranar da na kai ragon ta zagaye shi tana kallo, ta ce, "Na layya ne tun yanzu?"

Na ce, "A'a Inna, ma'aikaci ne. Jininsa zan riƙa ɗiba."

Ta tafa hannu. "Oh ni! An kai yarinya makaranta ta dawo tana shan jinin dabbobi."

Amma kafin wata ya zagayo ragon ya zama ɗan gida. Ita ke jiƙa masa dusa, ita ke zaɓar masa harawa, in mai harawa ya kawo wadda ta sha ruwa ta kore shi har zaure. Ma'aikacin gwamnati take kiransa, wai aikinsa sau ɗaya a wata, cinsa kullum. Ranar ɗibar jini ita ke riƙe kansa, ta rufe masa ido da gefen mayafinta tana yi masa magana da yarensu, ni kuma in aske ɗan wuri a wuya in soka allura. Jinin na zuba cikin kwalba mai 'yan duwatsun gilas, ina kaɗawa don kada ya daskare. Matan maƙwabta kan leƙo ta katanga. Na san abin da ake faɗa a unguwa, har ta kai wata ta daina bari jikokinta su shigo gidan. Inna ta je har ɗakinta ta wanke ta tas, ta dawo tana haki tana cewa ba wanda zai kira 'yarta matsafiya tana raye.

Abu ɗaya ne ya hana mu jituwa, shi ne kafso. Inna ta yarda da kafso kamar me. Ciwon kai kafso, gudawa kafso, kaza ta yi sanyi a ɓare kafso a zuba mata a ruwa. Duk zuwana sai na binciko su a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla na zubar, ina faɗa ina cewa wannan shan maganin barkatai shi ke sa cuta ta daina jin magani. Ta ce "to". In na tafi ta aika a sayo wasu. Game da ragon ma na gaya mata tun farko kada a ba shi magani ko wane iri sai da sanina. Ta ce "to", irin wannan "to" ɗin dai. A wurinta duk cikin fitinata ce ta 'yan boko.

Ina dab da ritaya sai wani babban ɗakin bincike na ƙasar waje ya amsa cewa zai karɓi kwalaben ya duba. Ranar da saƙon ya zo Madam ta yi rawa a tsakiyar ɗakin gwaji da safar hannu a hannunta. Abin da ya rage a kammala takardun fitar da su. Muna cikin jiran nan aka shiga dogon hutu, a tsakiyar bazara, lokacin da Kano ke zafi kamar bakin murhu.

Da safen da aka koma aiki Madam ta riga ni shiga. Ina sauka daga mota na hango ta tsaye a bakin ƙofa, ba jaka a hannunta, ba murmushi. Ta ce, "Hajiya, kada ki yi ihu." Na ture ta na shiga. Ruwa ne kwance a ƙasa har ƙarƙashin tebur. An kawo wuta mai ƙarfi cikin hutun ta ƙona injin firizar, ba wanda ya sani. Na buɗe murfin na sa hannu, sai na ji ɗumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwalaben nan duk sun narke, kuma ba mu san tun yaushe ba.

Ihu kam na yi. Mai gadi ya sha, mai kula da janareta ya sha, har wani bawan Allah da ya shigo neman wani ofis daban ya samu rabonsa. Madam ta bari na sauke, sannan ta ce, "Ba duka suka mutu ba tukuna. In muka shuka su yau a sabon faranti, masu sauran rai za su tashi." Gaskiya ta faɗa. Sai dai yau ɗin ce kawai muke da ita, kuma ba mu da farantai ko na rabinsu. Muka raba aiki. Ita ta nufi Sabon Gari wurin ƙaninta mai sayar da kayan firiji, ta taho da ƙanƙara buhu-buhu a jibga wa kwalaben. Ni na nufi Fagge.

Na tarar da Inna tana tankaɗe. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba, ta kakkaɓe hannu ta je ta kwance ragon. Ya ɗan faɗa, na lura, amma wace dabba ce ba ta faɗawa a wannan zafin? Tun da yake gidan ko atishawa ban taɓa ji ya yi ba. Ta rufe masa ido, na ɗiba fiye da yadda na saba, har ta ce, "Ke, a hankali, ai ba rijiya ba ne." Ina fita ta biyo ni zaure tana cewa Allah ya ba da sa'a, ko ba ta san mene ne ba.

A ƙa'ida in an zuba sabbin farantai ana gwada ɗaya ya kwana, a tabbatar abincin lafiya yake kafin a ɗora masa abu mai daraja. Mu ba mu da wannan kwanan. Da azahar farantan sun daskare, jajaye, sumul, ban taɓa zuba masu kyau kamarsu ba. Muka zauna ni da Madam muna buɗe kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke cikin kowace bai fi 'yan ɗigo ba, kuma da yake masu ran ciki kaɗan ne, duka muke juyewa, ba ma rage komai. Ni ina bismilla a kan kowace, ita ma leɓenta na motsi da tata addu'ar. Kafin magariba muka jera su a akwatin ɗumi muka rufe.

Washegari tare muka buɗe. In ƙwayar nan ta tsiro za ka ga 'yan ɗige-ɗige kamar raɓa, kewaye da su jinin ya koma kore-kore. Na ɗauki faranti na farko na ɗaga wa haske. Ja wur, ba komai. Na biyu haka. Na uku haka. Madam na miƙo min ina dubawa ina ajiyewa. Can sai ga ɗaya ya tsiro, ya cika faranti har yana sheƙi. Can kuma wani. 'Yan tsiraru ne, ba su cika tafin hannu ba. Na duba lambobinsu, sai na gane su, don na san su kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Duk cikin tarin nan su ne masu taurin kai, waɗanda tun asali magani ba ya kashe su. Kuma ire-irensu duk suna cikin allurar da ake da ita, ba su ake nema ba.

Da zafi ne ya kashe sauran, da bai zaɓa haka ba. Na dubi Madam, ta dube ni. Ita ce ta iya faɗa. Ta ce, "Hajiya, akwai magani a jinin nan."

Ban san yadda na fita ba. A cikin a-daidaita-sahu, tun daga cunkoson Sabon Gari har muka gangaro Fagge, ina ta shirya maganar da zan yi. Na tsara ta tsaf. Zan tambaya wa ya taɓa min rago, zan ce shekara ashirin, zan ce 'ya'yan mutane. Mai tuƙin ya waiwayo ya ce, "Hajiya lafiya?" Ashe a fili nake yi. Na ce ya kalli gabansa.

Na shiga gidan ko sallamar kirki ban yi ba. Inna na zaune a kan tabarma kusa da turken, ragon na cin dusa a tsohuwar tasa, tana kore masa ƙuda da mafici. Ta ɗago ta ce, "Kin ga idonki kuwa? Zauna ki sha ruwa." Ban zauna ba. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

Ta ce, "Tunda aikin ya wuce, bari in gaya miki, in za ki yi faɗanki ki yi. Ma'aikacin nan naki saura kaɗan ki rasa shi. Cikin hutun nan tari ya kama shi, yana numfashi haƙarƙarinsa na shiga yana fita, ya daina cin abinci. Na ce yarinyar nan ga aiki ya sha mata kai, ba zan ƙara mata da wannan ba. Na aika aka kira mai allurar dabbobi na bakin kara, ya yi ta zuwa yana yi masa. Jiya ma da sassafe ya yi ta ƙarshe, kafin ki zo." Ta shafa bayan ragon. "Da na ga kin shigo a rikice na ce alhamdu lillahi da na yi. Da yanzu jinin marar lafiya za ki kai wa aikinki."

Tana murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki a ɓoye aka gano shi. Ni kuwa maganar da na shirya tana nan a bakina, da zafinta.

Sai ta sauke murya, ta daina kallona. Ta ce, "Ni ba zan iya zama ina kallon wannan numfashin ba. Na taɓa zama na kalla."

Ƙanina take nufi, wanda ke bi na. Ina 'yar firamare ya rasu, yana ɗan shekara biyu, a ɗakin da ke bayanta. Baba na kan hanya da jirgi, ba kowa a gidan sai ita da mu, aka ce mata sanyi ne a shafa masa man zafi. Tun daga ranar ban taɓa jin ta ambace shi ba, ko da wasa. Ni ma ban taɓa gaya mata cewa ciwon da ya ɗauke shi nake bi ba. Na ɗauka ba ta haɗa ba, wataƙila kuma ba ta haɗa ɗin ba.

Na zauna a gefen tabarmar. Ta miƙo min kofi na sha. Ragon ya gama dusarsa yana lasar tasa.

Ta ce, "To yaya? 'Yan abubuwan naki sun sha jinin? Sun tashi?"

Ni da ban taɓa haɗiye magana don kowa ba, na dubi tsohuwar nan na ce, "Sun tashi, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Amin. Ai na gaya miki magani ba abin gudu ba ne."

Sai da na fita zaure na yi kukana, fuskata a jikin bango, mayafi a bakina don kada ta ji. Baƙin cikin ranar har yau bai sake ni ba. Ba don sunana da bai fito a ko'ina ba, wallahi wannan bai dame ni ba. Yaran nake tunani. Abin da ya rage nasu a duniya ke nan da zai iya amfanar wani yaro, iyayensu suka yarda aka ɗiba suna kuka, ni kuma na ce musu ba zai tafi a banza ba.

Na rubuta wa mutanen waje cewa firiza ta lalace, wanda gaskiya ne, suka aiko da jaje mai kyau. Madam ta ce mu sake farawa. Mun fara ɗin, mun tara kaɗan, amma aikin shekara ashirin ba ya dawowa a 'yan watanni, ritaya ta cim min. Madam ma ba ta daɗe ba ta bi 'ya'yanta kudu. Ita kaɗai ta san abin da ya faru, kuma duk zuwan da ta yi gaida Inna da Sallah ba ta taɓa bari ya nuna a fuskarta ba.

Inna ta rayu shekaru bayan haka. Ragon ya riga ta, tsufa ya kashe shi, don ta hana a yanka. Labarin kuwa ya zama abin da ta fi so ta bayar. Duk baƙon da ya zo, 'yan uwa daga Barno, matan unguwa, har likitan da ya duba ta a ciwonta na ƙarshe, sai ta gaya masa yadda aikin yarinyar nan ya tashi lalacewa, boko ya rasa yadda zai yi, ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta cece shi da allurar bakin kara. In ta kai ƙarshe sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke, ba haka aka yi ba?"

Ni kuma in ce, "Haka aka yi, Inna."